Batirin da ke zubewa bayan an sabunta waya

Duk lokacin da kamfanonin waya suka saki sabon tsarin da ke tafiyar da salula, koke iri ɗaya ne yake zagaya Damagaram, tun daga rumfunan masu gyara na kasuwar Dole har zuwa fadojin shayi na Birni da Zango. Wani zai ce maka: "Wallahi wayata lafiyarta lau, amma tun da na yi mizajur caji ba ya kai ni la'asar," wato tun da ya sabunta tsarin wayar. Wani kuma zai ƙara da cewa bayanta yana ɗaukar zafi ko da tana cikin aljihu ba a taɓa ta ba. Daga nan sai fatawa ta biyo baya, wadda yanzu ta zama ruwan dare a tsakanin matasanmu, cewa kada mutum ya kuskura ya yarda da sabuntawa, domin dabara ce ta kashe tsohuwar waya a tilasta maka sayen sabuwa.

Koken gaskiya ne, kuma duk wanda yake yi wa masu yin sa kallon marasa sani bai yi musu adalci ba. Amma fatawar da aka ɗora a kansa ita ce ban yarda da ita ba, domin ina ganin za ta jefa mutane cikin asarar da ta fi ta batir nesa ba kusa ba.

Mu fara da abin da ke faruwa a cikin wayar. Idan allo ya nuna cewa sabuntawa ta kammala, waya ta mutu ta sake tashi, mai ita yana ɗauka an gama, alhali kuwa babban aikin yanzu ya soma. Kamar wanda ya ƙaura zuwa sabon gida ne, amalanke ta sauke kaya a tsakar gida, amma ba a jera komai a mazauninsa ba tukuna. Wayar za ta sake bin hotuna da saƙonni da sunayen mutane ɗaya bayan ɗaya tana tsara su yadda za a iya nemo su da sauri. Idan Android ce, kamar yawancin Tecno da Infinix da itel da Samsung da ke hannunmu, sai ta sake daidaita kowace manhaja da sabon tsarin, kuma kafin ta gama wannan daidaitawa manhajojin suna tafiya da nauyi, suna cin wuta fiye da yadda suka saba. Ga kuma manhajoji da dama da ke sauko da nasu sabon zubi a lokaci guda. Duk wannan aiki a ɓoye yake gudana, ƙwaƙwalwar waya ba ta hutawa, shi ya sa bayanta ke zafi, caji kuma ke sauka kana kallo. Kamfanin Apple da kansa ya fito da bayani a watan Satumba na 2025, lokacin da ya saki iOS 26, sabon tsarin wayoyinsa na iPhone, cewa ana iya ganin raguwar ƙarfin batir da ƙarin zafi na ɗan lokaci bayan babbar sabuntawa. A bisa al'ada kwanaki ƙalilan ne abin yake ɗauka ya lafa.

To amma a nan ne tamu matsalar ta bambanta da ta mutanen da aka ƙera wayar ana tunaninsu, kuma wannan ne ya sa na ɗauki alƙalami. An tsara wayoyin nan ta yadda mafi nauyin wannan aiki zai jira sai waya tana kunne, tana jone da caji, kuma ba a amfani da ita. Wanda ya tsara haka yana hango mutumin da zai jona wayarsa da dare a gefen gado, ya yi barci, kuran bai yanke ba har asuba, ɗakin da sanyi, intanet na gida yana nan ba iyaka. Mutum nawa ne a Garin Malam ko Karkada suke da wannan dare? Mutum nawa ne a ƙauyukan Mirriya da Magarya da Matamaye?

Je ka tsaya a gaban teburin mai caji ka gani. Allon katako ne da aka jera wa soket, wayoyi sun kai talatin ko fiye sun kwanta kusa da juna, kowace an manna mata ƴar takarda mai lamba, injin yana ruri a baya ko kuma farantin sola yana kan rufin kwano. Mai waya yakan kashe ta kafin ya miƙa, don ta cika da wuri, kuma don kada a yi ta kiransa a hannun wani. Bayan awa biyu ya dawo ya karɓa, ya kunna, ya hau kabu-kabunsa ya ci gaba da neman abinci. Wannan wayar ta cika da caji, amma ba ta samu ko minti ɗaya da take kunne, jone, kuma a ajiye ba. Aikin da ya kamata ta gama cikin dare biyu sai ya yi ta jan ƙafa, mai ita kuwa ya yi ta ganin batir na zubewa har ya yanke hukunci cewa an kashe masa waya. Ba mu manta da watan Agusta na 2023 ba, lokacin da Najeriya ta katse wutar da take ba Nijar a ƙarƙashin takunkumin CEDEAO, ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, ba a maido ta ba sai a watan Maris na 2024. A wannan tsakani har waɗanda ke da mita a gida sun koma layin masu caji, kuma ko a yanzu kowa ya san yadda kuran yake wasa da mu idan bazara ta kama.

Sai zancen zafi, wanda shi ne babban maƙiyin batir. Apple ya rubuta cewa wayoyinsa an yi su ne don aiki tsakanin digiri 0 zuwa 35, kuma zafin da ya haura 35 yana iya rage ƙarfin batir ragewar da ba ta dawowa. Batiran sauran wayoyin ma iri ɗaya ne, na litiyom, kuma halinsu ɗaya. A Damagaram kuwa, cikin Afrilu da Mayu, digiri 40 a inuwa ba labari ba ne. Idan ka haɗa zafin gari, da zafin caji, da zafin aikin sabuntawa a rana ɗaya, ka ɗora wa batir abin da ya fi ƙarfinsa. Wanda ya danna sabuntawa da azahar a cikin shagon kwano, wayar tana kan caji, ya cuci batirinsa ba tare da ya sani ba, kuma ba laifinsa ba ne, tun da babu wanda ya gaya masa.

Akwai kuma gaskiyar da ba ma son ji, ita ce sau da yawa batirin ya riga ya tsufa, sabuntawa tona masa asiri kawai ta yi. Batir yana da iyakar zagayen da zai iya yi. Ga tsofaffin iPhone, ƙa'idar da kamfanin ya bayar ita ce batir zai riƙe kashi 80 cikin ɗari na ƙarfinsa bayan cikakken zagaye 500, wato a cinye abin da ya kai cikin batir ɗaya sau 500. Mai cinye caji ɗaya kullum zai kai wannan adadi kafin shekara ɗaya da rabi. Batirin da aka rubuta masa 5000 ya koma kamar na 4000, kuma a yanayin zafinmu tsufan ya fi haka sauri. Da yawa daga cikinmu kuma tsofaffin wayoyi muke saye, waɗanda wani ya riga ya ci rabin ransu a wata ƙasa. Irin wannan batir yana lallaɓawa da aikin yau da kullum, amma da an ɗora masa nauyin sabon tsari sai ya durƙusa. Shi ne za ka ga waya tana nuna kashi 30, kana cikin magana ta ɗauke ɗif.

Duk da haka ba zan wanke kamfanoni ba, domin zargin da mutane ke yi bai faɗo daga sama ba. A watan Disamba na 2017 Apple ya amsa cewa wata sabuntawa da ya saki a farkon wannan shekara tana rage gudun iPhone 6 da 6s masu tsohon batir. Ya ce ya yi haka ne don hana su mutuwa ba zato, kuma ta fuskar fasaha dalilin yana da tushe, amma bai gaya wa masu wayoyin ba sai da masu bincike suka gano. Mutane da yawa sun sayi sabuwar waya alhali canjin batir kaɗai suke buƙata. Dole ta sa kamfanin ya nemi afuwa, ya rage kuɗin canjin batir daga dalar Amurka 79 zuwa 29, sannan a watan Fabrairu na 2020 hukumar kare masu saye ta Faransa ta ci shi tarar yuro miliyan 25 saboda ɓoye bayanin. A watan Janairu na 2025 kuma Google ya tura wa wayoyinsa na Pixel 4a sabuntawar da ta rage ƙarfin batirin wasu daga cikinsu da gangan, kuma daga baya aka fito fili da cewa batiran suna iya yin zafi fiye da ƙima. Ya yi tayin canjin batir kyauta ko ɗan kuɗi, amma canjin a wasu ƙasashe ƙalilan ne kawai. Abin da ke ƙona mini rai a waɗannan labarai biyu shi ne rashin faɗin gaskiya tun farko. Idan akwai dalilin taɓa batirin mutum, to haƙƙinsa ne a gaya masa da harshen da zai gane, kafin a taɓa.

Me ya sa duk da wannan nake cewa kada a ƙi sabuntawa? Saboda wayar yau ba ta kira da sauraron waƙa kaɗai ba ce. A cikinta ɗan kasuwa yake karɓar kuɗin kayansa, a cikinta uwa take samun abin da ɗanta ya aiko daga Agadas ko Kano ko Libiya, a cikinta hotunan iyali da muryoyin WhatsApp na sirri suke. A shekarar 2015 an gano wata kafa a Android da ake kira Stagefright, wadda ta shafi ɗaruruwan miliyoyin wayoyi, ta yadda saƙon hoto ko bidiyo guda zai iya buɗe wa ɓarawo ƙofa. Tun daga lokacin Google yake fitar da gyaran tsaro wata-wata. Wayar da aka hana ta sabuntawa shekara biyu tana ɗauke da kafofi da yawa waɗanda masu kutse sun riga sun san su. Wanda ya ƙi sabuntawa don ya tsira da awa biyu na caji, aka kwashe masa jarinsa, an gudu ba a tsira ba ke nan.

Abin da nake kira gare shi shi ne mai waya ya karɓe ikon zaɓen lokaci. A shiga saiti a kashe sabuntawar da ke sauka da kanta, wadda dama takan cinye forfen intanet ba da izini ba. Idan babbar sabuntawa ce, babu laifi a jira mako ɗaya ko biyu a ji abin da waɗanda suka riga suka yi suke faɗa, domin idan akwai kuskure a cikinta kamfani yakan biyo da gyara. Ƙananan gyare-gyaren tsaro kuwa bai kamata a jinkirta su ba. In lokaci ya yi, a zaɓi dare, a wuri mai iska, a cire wa wayar riga, a tabbatar cajinta ya haura rabi. Bayan an gama, a bar ta kunne a kan caji dare biyu ko uku ba a taɓa ta ba, ko da a gidan maƙwabci mai sola ne. Wanda teburin mai caji ne kaɗai hanyarsa, ya kulle allon da lambar sirri ya miƙa ta a kunne. A sabunta manhajoji su ma, domin tsohuwar manhaja a kan sabon tsari takan rikice ta yi ta aiki a ɓoye. Idan mako ya wuce abin bai canja ba, a duba shafin batir a cikin saiti, zai nuna wace manhaja ce ke shan wutar. A kuma tuna cewa inda rezo yake da rauni waya tana ƙara ƙarfi wajen neman eriya, balle mai layi biyu, saboda haka wanda ya sabunta waya ya kama hanyar Tanut washegari kada ya ɗora wa sabuntawa dukan laifin.

Ina da magana da ƴan uwana masu gyara, kuma da girmamawa nake yin ta, domin su ne asibitin wayoyinmu. Ba kowace waya mai zubar da caji ce ke buƙatar filashin ba. Mutum ya zo da koken kwana biyu da sabuntawa, a goge masa komai, ya rasa hotunan ƴaƴansa da lambobin abokan cinikinsa, sannan wayar ta sake fara wancan aikin tsarawa daga tushe, wannan ba gyara ba ne. A tambaye shi yaushe ya sabunta, a ba shi haƙurin ƴan kwanaki. Haka nan manhajojin da ake cika wa mutane da sunan masu adana batir ko masu sanyaya waya, yawancinsu talla suke nunawa, kuma su kansu wuta suke ci. Amma idan an ga murfin baya ya ɗago, ko allo ya fara rabuwa da jiki ta gefe, batir ya kumbura ke nan, kuma wannan ba ya jira. Kada a danna shi, kada a huda shi, kada a sake jona shi a caji, a canja shi da mai kyau, a kuma faɗa wa mai waya gaskiyar ingancin wanda aka sa masa.

A ƙasashen Tarayyar Turai, tun daga 20 ga Yuni 2025, doka ta wajabta cewa sabuwar wayar da za a sayar sai batirinta ya riƙe kashi 80 cikin ɗari bayan zagaye 800, sai an ci gaba da ba ta sabuntawa aƙalla shekara 5 bayan an daina sayar da irinta, kuma sai an samar da kayan gyaranta har shekara 7. Mu da muke amfani da waya a zafin da ya fi nasu, da wutar da ba ta kai tasu ba, mun fi su buƙatar irin wannan kariya. Ina son in ga hukumominmu da ƙungiyoyin kare masu saye sun nemi kamfanonin da suka cika kasuwanninmu su riƙa rubuta gargaɗi a fili kafin kowace babbar sabuntawa, da Faransanci da Hausa, wanda zai faɗi girman abin da za a sauke, da kwanakin da batir zai yi yana wahala, da kuma cewa a bar wayar kunne a kan caji. Masu sayar da wayoyin da aka riga aka yi amfani da su kuma su riƙa nuna wa mai saye lafiyar batir kafin a ƙirga kuɗi, ko da hakan zai rage musu jika biyu ko uku a ciniki.