An taɓa gwada wannan, sai a tuna

Na karanta wani labari da ke cewa kamfanoni na ƙoƙarin cusa na'urar gane ƙarfin danna yatsa a cikin gilashin wayoyi sirara. To, ai ba sabon abu ba ne. Tun 2015 Apple ya fito da irin wannan fasahar mai suna 3D Touch a iPhone 6s, a shekarar kuma kamfanin Huawei ya nuna wayarsa Mate S, har aka ɗora lemon zaƙi a kan gilashinta don a auna nauyinsa.

Yadda abin yake aiki kuwa, in ka danna da ƙarfi gilashin yakan lotsa kaɗan, abin da ido ba ya gani, sai na'urorin da ke can ƙasa wajen fitilar allon su auna yadda tazarar ta ragu. Amma fa sai da aka biya farashi: iPhone 6 gram 129 ce, 6s ta kai 143, kaurinta ma ya ƙaru daga milimita 6.9 zuwa 7.1.

Ni na riƙe 6s kusan shekara biyu, wallahi ban san tana yin haka ba sai ranar da ƙanena ya danne alamar kyamara da ke kan allon da ƙarfi, wani ɗan akwatin zaɓi ya ɓullo. Babu wata alama da ke nuna maka inda za ka danna.

A 2019 da iPhone 11 ta fito, an cire 3D Touch, aka koma dogon dannawa kawai. Masu son dawo da shi su fara gaya mana nawa mai gyara zai caje mu in gilashin ya fashe.