Buta mai tsoron ruwa

Bazazzagi ya ja abokinsa Bakano zuwa Samaru, wurin baje kolin zane-zanen ɗaliban Jami'ar Ahmadu Bello. Suka tsaya gaban hoton wata tsohuwar buta.

Bakano: Malam, wa ya rataye buta a bango? Miƙo min ita, azahar ta gabato.

Bazazzagi: Cire hannunka, Alhaji! Zane ne, da fentin ruwa aka yi shi. Ka ga ƙauyancin Kanawa ko?

Bakano: Ikon Allah! Har da lotsawar gindinta, da tsatsar bakin. To ina ya samo farin fenti mai ƙyalli haka?

Bazazzagi: Babu fenti a nan. Farar takardar ce ya bari, ya zagaye ta da launi. A wannan sana'a da mai haske ake farawa, a jira ya bushe, sannan a bi da mai duhu. In hannu ya goce, gyara sai an sha wuya.

Bakano: Wato inda ya fi kyau, nan ne bai yi aikin komai ba.

Bazazzagi: Gwanintar ke nan.

Bakano: Da me ake haɗa fentin?

Bazazzagi: Garin launi ne da ƙaro, shi ke riƙe shi a jikin takarda.

Bakano: Ƙaro dai? Wanda almajirai ke sa wa tawada? Wanda nake saro wa buhu-buhu daga Yobe? To nawa ya yi mata kuɗi?

Bazazzagi: Dubu 50.

Bakano: Innalillahi! A Kasuwar Kurmi da wannan kuɗin sai na cika maka Keke Napep da butoci sababbi fil. Shi ko sabuwa bai iya zanawa ba, sai kwance?

Bazazzagi: Ai tsufan ne abin kallo. Dubi inda hannu ya goge mariƙin.

Bakano: Tana yoyo?

Bazazzagi: Ruwa na taɓa ta, launin zai zube.

Bakano: Buta mai tsoron ruwa! Sai a Zariya. Kira min yaron nan.

Bazazzagi: Alhamdu lillahi, za ka saya ke nan?

Bakano: Ina! Buhunan shinkafa 40 zai zana min a bayan shago, saboda masu bi na bashi su ga akwai kaya. Kuma ka gaya masa, duk inda ya bar farar takarda zan cire kuɗinsa.