Biri ya tare ni a Kamikochi

Duk wanda ya ga bidiyon nan na faɗawata cikin ruwa a gurup ɗin dangi, ya sani an yanke farkonsa. Kuma kun san wanda ya ɗauka.

Ƙanin uwargida, ɗan makarantar nan da ke karatu a birnin Matsumoto na Japan, shi ya ce min, "Yaya, gobe sai Kamikochi, cikin tsaunukan da ake kira Alps na Japan." Ya ƙara da cewa dajin akwai beyar. Ni kuwa ba na wasa da magana. Na shiga kanti na sayi takalmin hawan dutse, da sanduna biyu, da jakar goyo, da 'yar ƙararrawar da ake ratayawa don beyar ya ji tafiyarka ya kauce. Yana tsaye ina biyan kuɗi, bai ce uffan ba.

Ba a barin motar gida ta shiga kwarin, sai bas ko tasi. Muka sauka a bakin tafkin Taisho, wanda ya samu a 1915 lokacin da dutsen Yakedake ya yi aman wuta ya datse kogin Azusa. Kyau kam, tubarkalla. Kwarin kansa yana kan tudun mita kusan 1,500, ga tsaunukan Hotaka can gaba, mafi tsawonsu mita 3,190. Na ɗaga kai, na ƙara ɗaure igiyar takalmi, na yi bismillah. Sai yaron ya ce, "Ina za ka, Yaya? Ai nan za mu bi." Ya nuna wata hanya shimfiɗaɗɗiya a gefen kogi, ba hawa ba gangara. Yara 'yan tatata a kanta suna gudu. Wata mata da siket da laima. Autarmu da takalmin roba. Ni kaɗai ne a duk dajin na yi shirin yaƙi, kowane taku ƙararrawa na ba da sanarwa.

Muka yi tafiyar awa guda zuwa gadar Kappa, aka yi hotuna, aka sha askirim, muka tsallaka muka nufi Myojin, wani wuri can gaba a bakin kogin. Ba nisa sai ga fadamar Dakesawa, inda aka shimfiɗa katako a kan ruwa ana bi a kai.

A nan ya zauna. Tsakiyar katakon. Biri ne irin nasu mai jan fuska, ƙato, ya miƙe ƙafa yana susar ciki.

To, a ko'ina an rubuta kar a ba su abinci, kar a matsa kusa da su, kar a haɗa ido da su. Ni da na karanta doka, na bi doka. Na kawar da kai na ɗaga fuska sama. Yanzu ku faɗa min, don Allah, mutumin da aka hana ya kalli gabansa, a kan katakon da bai fi faɗin tabarmar sallah ba, ina zai sa ƙafa? Na ja da baya taku ɗaya. Ƙararrawa ta kaɗa. Birin ya daina susa. Na ji ya daina, ban gani ba, tunda ina bin doka. Na ƙara taku. Sandar dama ta shige tsakanin katako biyu ta maƙale. Na ja, ta ƙi. Na ja da ƙarfi, ta yarda.

Ba faɗuwa na yi kai tsaye ba, wannan shi ne abin da bidiyon ya ɓoye. Na yi kokawa. Hannuwa suka yi ta juyi a iska, na kira sunan Allah, jakar goyon nan da na cika da ruwan sha da rigunan sanyi ta yanke hukunci, na zauna daɓas cikin ruwa. Ruwan bai kai gwiwa ba. Amma sanyinsa, jama'a, har cikin haƙori na ji shi. Ga shi garau, kowa a kan katakon yana ganin yadda na zauna har ƙasa. Babu ko laka da za ta rufa min asiri.

Uwargida ta ce, "Sannu, Abban yara," da muryar da na sani sarai ta danne dariya ce. Auta ta tambaya ko ita ma za ta iya shiga. Birin ya tashi ya wuce ta gefena, ko kallo ban ishe shi ba.

Sai tsohuwar nan. Tun daga Taisho take wuce ni, in mun tsaya ta tsaya, in mun tashi ta sake wuce ni, 'yar ƙarama da farar hula, ta haifi babata. Ita ta miƙo min ƙaramin tawul da hannu biyu, ta rusuna. Na rusuna, ƙararrawa ta kaɗa. Ta sake rusunawa. Na sake, ta kaɗa. Ina tsaye cikin ruwa muna ta gaisawa da kiɗa. Daga nan ta juya ta faɗa wa mijinta wata magana gajera, tsohon ya dubi takalmina, ya dubi sandar da ruwa ke tafiya da ita, ya gyaɗa kai a hankali. Mai karatun Japananci yana nan tsaye, ya ji komai. Har yau ya ƙi fassara min. Wai "ba wani abu ba ne, Yaya." In ba wani abu ba ne, me ya sa ya zauna a ƙasa yana riƙe ciki? Yaron da ni na kai shi tashar mota ranar da zai tafi jami'a.

Na koma banɗakin da ke kusa da gada na matse wando, can ma sai da na jefa yen 100 a akwati. Muka ƙarasa Myojin ina tafe takalmi na tsotson ruwa, aka ci gasasshen kifin kogi da gishiri. Kifin dai da daɗi. Beyar kuwa ko kashinsa ban gani ba.

Takalmin yana nan, ya bushe, lamba 44, in da mai so. Sanda saura ɗaya.