Alkiblar ikilisiya ba ta zuwa cikin jakar fasto

Wani sabon salo ya shigo majami'unmu na Damagaram, kuma ya fara kai ni bango. Fasto zai tafi taron bita a Yamai, ko ya tsallaka Najeriya, ya dawo da takarda mai shafi biyu. Ranar Lahadi bayan wa'azi sai a ce jama'a su ɗan dakata, za a karanta "manufar ikilisiya" da "hangen nesa na shekara biyar". A karanta da Faransanci, wani ya fassara a gurguje, a ce amin, a buga a ƙyalle a rataya bayan bagade. Shi ke nan, wai ikilisiya ta san inda ta dosa.

Ku karanta takardun nan, kusan duk bakinsu ɗaya: a ninka yawan masu sujada, a gina katafaren ɗakin ibada, a buɗe rassa. A ninka su daga ina? Kowa ya san Kiristocin garin nan 'yan ƙalilan ne, kuma da yawansu ma'aikatan gwamnati ne da sojoji da ake yi wa canjin wurin aiki, da ɗaliban Jami'ar André Salifou da za su gama su tafi, da 'yan kasuwa daga Benin da Togo da Najeriya. Idan kowace majami'a ta ɗaura ɗamarar ninka kanta, abin da zai biyo baya shi ne jan mutanen juna: wannan ta sayo manyan lasifika, waccan ta kira baƙon mai wa'azi, mutane ɗaya ne suke ta zagayawa. Wanda ya tsara takardar a babban birni bai san wannan ba, kuma ba laifinsa ba ne. Laifin na wanda ya kawo ta bai tambayi kowa ba.

Mun samu damar yin wannan tambaya, muka bar ta ta wuce. Ranar Juma'a 16 ga Janairun 2015 aka ƙona majami'u a garin nan saboda zanen ɓatanci da wata jaridar Faransa ta buga, abin da babu hannun ko Kirista ɗaya na Damagaram a ciki. A ranar wasu maƙwabta Musulmi sun ɓoye Kiristoci a gidajensu. Daga baya an tara kuɗi, an sake gini, an ƙara tsawon katanga. Amma majami'u nawa ne suka zaunar da mutanensu suka ce: 'yan'uwa, mene ne amfaninmu a wannan gari? Yaya za mu zauna da maƙwabcin da ya ɓoye mu, da kuma wanda ya ɗauko ashana?

Abin haushin shi ne masu amsar suna nan zaune a benci kowace Lahadi. Ku dubi zumuntar mata. Su ne suka san gwauruwar da ba ta hura wuta ba jiya, da yaron da aka koro daga lakwal saboda kuɗi. Su ne ke tashi da asuba a watan Afrilu su jera jarka a bakin famfo, ko su ƙirga abin da mai garuwa zai karɓa kafin su san abin da ya rage na baiko. Da adashensu ake biyan kuɗin asibitin wanda ya kwanta. Amma ranar da dattawa za su zauna tsara alkiblar ikilisiya, aikin da ake ba matan nan shi ne dafa shinkafar taro. Matasa kuwa su jera kujeru, su buga ganga.

Za a ce ai fasto Allah ya ba wahayi, ikilisiya ba majalisar dokoki ba ce. Masu faɗin haka su buɗe Ayyukan Manzanni sura 6: da aka yi gunaguni kan rabon abincin gwauraye, manzanni sun tara taron masu bi ne suka ce su zaɓi mutum bakwai da kansu. Masu cewa taron jama'a gardama kawai yake haifarwa kuwa, tsoron tambaya ne ke damunsu.

Tun 1924 'yan mishan na ƙungiyar SIM (Sudan Interior Mission) suka kafa tasha a Damagaram, kuma an ɗauki shekaru masu yawa kafin ragamar ikilisiya ta dawo hannun 'yan ƙasa. Kakanninmu sun yi ƙorafin cewa Bature ne ke yanke komai, su nasu bi kawai. Yau baƙar fata ne ke riƙe da alƙalami, amma jama'a har yanzu amin ce rabonsu.

Ba wani abu mai wuya nake nema ba. A sauke ƙyallen nan. A zauna bayan sujada, da Hausa, Lahadi bayan Lahadi, mata da matasa su yi magana kafin dattawa, don in dattijo ya fara, ba mai iya musa masa. Kuma a zo da littafin baiko a buɗe shi gaban kowa, a ga nawa ya tafi siminti da lasifika a bara, nawa ya kai gidan gwauraye.