A huda wa banɗaki taga kafin a ƙyamaci mai jakar ciki

Akwai wata lalura da ake zaune da ita a gidaje da yawa, amma ba kasafai ake jin ta a bakin mutane ba saboda kunya ta lulluɓe ta. Ina nufin halin waɗanda aka yi wa tiyatar hanji, likita ya huda musu ƙofa a jikin ciki domin bayan gida ya riƙa fita ta nan zuwa cikin wata jaka da ake mannawa a fata. Likitoci na kiran ƙofar sitoma, idan babban hanji aka fito da shi su ce kolostomi, idan ƙarami ne su ce iliyostomi. Abubuwan da ke kai mutum ga wannan aiki ba baƙi ba ne a wurinmu: taifod da ta huda hanji, murɗewar hanji da ta fi kama dattawa, ciwon daji, harbin bindiga, da jariran da ake haifa babu dubura. Wani watanni zai yi da jakar sannan a mayar masa da hanjinsa, wani kuwa da ita zai ƙarasa rayuwarsa.

Mahaifina hanjinsa ne ya murɗe, aka yi masa aiki cikin gaggawa, muka dawo da shi gidan hayar da muke zaune. Ɗakinsa irin wanda ake yayi ne yanzu, mai banɗaki a ciki, sai dai magini bai bar wa banɗakin nan ko 'yar huda ba, ƙofarsa ɗaya ce kuma cikin ɗakin kwana take buɗewa. Ba a yi wata guda ba Baba ya daina fita masallaci, ya daina cin abinci tare da mu, ya koma ƙin cin komai bayan la'asar. Wata rana cikin sanyin hunturu na fito da tsakar dare, na tarar da shi zaune a kan tabarma a tsakar gida, ya ƙudundune cikin bargo, buta na gefensa. Na ce, "Baba, lafiya kuke zaune a waje cikin wannan sanyi?" Ya ce, "Je ka kwanta abinka. Na juye jakar ne, ina jira ɗakin ya sha iska, kada in takura wa innarku." Mutumin da ya ciyar da mu ya tufatar da mu, shi ne yake jin kunyar numfashi a ɗakinsa. Tun daga daren nan na ƙudurta cewa sai na gano daga ina warin yake fitowa.

Abin da na gano, kuma shi ne dalilin wannan rubutu, shi ne warin da muke ɗora wa majinyaci yawancinsa laifin ginin ne da laifin jakar da ba ta zauna daidai ba. Jakar kirki da aka manna yadda ya kamata ba ta fitar da wari ko kaɗan, mutum zai zauna kusa da kai a sahu ko a mota ba ka san yana ɗauke da komai ba. Don haka aka ƙirƙiro ta tun farko. Wata nas ce 'yar ƙasar Denmark, Elise Sørensen, ta fito da dabarar jaka mai danƙo a shekarar 1954, bayan ta ga 'yar'uwarta da aka yi wa irin wannan aiki ta ƙi fita cikin mutane don tsoron yoyo. Wari na fita ne a lokuta biyu kawai, wato sa'ad da ake juye jakar da kuma sa'ad da ta fara yoyo ta ƙarƙashin danƙon. Na farkon minti kaɗan ne, kuma kowane ɗan Adam yana barin irinsa a makewayi. Bambancin kawai shi ne a banɗaki mai taga iska na kwashe shi, a banɗakin da aka toshe kuwa sai ya kwanta, ya shiga labule da katifa da kayan sawa.

Kuskuren farko da muka yi shi ne wanda kusan kowane gida zai yi, wato turaren wuta. Inna ta riƙa cika kasko da garwashi tana kaiwa banɗakin safe da yamma. Ƙamshin bai kori komai ba, haɗuwa ya yi da warin suka zama wani abu na uku mai hawa kai, ga hayaƙi da ya sa Baba tari, alhali mai sabon ɗinki a ciki tari wahala ne gare shi. Garwashi a rufaffen wuri kuma yana fitar da iskar gubar da ba a gani ba a jin ƙamshinta. Haka nan masu zuba bilic su bi shi da wani ruwan wanke masai, ko su kwarara shi a kan fitsari, su sani cewa haɗin yana tayar da iska mai ƙona ido da huhu, kuma banɗaki marar taga shi ne mafi munin wurin da za a yi wannan ganganci.

Abin da ya yi mana magani ƙarami ne idan aka kwatanta da wahalar da aka sha. Mun roƙi mai gida, bayan an kai ruwa rana ya yarda, magini ya fasa bulo ɗaya a saman bangon da ke kallon waje, aka sa raga saboda sauro da ƙuda, aka ɗaura 'yar fanka mai zuƙo iska ta fitar da ita. Sai fankar ta hura waje kai tsaye take da amfani, domin na ga inda aka saka ta tana hurawa cikin silin, warin ya zagaya ya sauko a sauran ɗakuna. Kafinta kuma ya ɗan rage ƙasan ƙofar banɗakin, saboda iska ba ta fita daga wuri sai wata ta samu hanyar shigowa. Da yake wuta ba ta da tabbas, mun haɗa fankar da ƙaramin batirin sola. Mai aikin famfo ne ya nuna mana wani abin da ba mu taɓa lura da shi ba: lanƙwasar bututun da ke ƙarƙashin magudanar ƙasa ana so ruwa ya kwanta a cikinta kullum, shi ne ke tare iskar da ke tasowa daga rami, kuma tamu ta bushe. Ashe rabin ɗoyin da muke jingina wa Baba daga can yake tasowa.

Masu salga ma suna da mafita tsohuwa. Tun a shekarun 1970 aka ƙirƙiro salga mai bututun iska a ƙasar da yanzu ake kira Zimbabwe, inda ake kafa bututu mai faɗi daga ramin ya zarce saman rufi da kamar rabin mita, a rufe bakinsa da raga. Iskar da ke wucewa ta samansa ita ke janye warin sama. Bututun roba ɗaya da ɗan siminti sun isa, kuma duk gidan ne zai amfana.

Ta ɓangaren jakar, wata nas ce ta zaunar da ni ta koya mini abin da ya kamata a ce an koya mana tun ranar sallama. A juye jaka tun tana kashi ɗaya cikin uku, kada a bari ta wuce rabi, domin nauyi ke ɓamɓare danƙo. A yanka ramin faifan, wato ɓangaren jakar mai danƙo da ake mannawa a fata, daidai girman sitomar da rarar da ba ta wuce milimita biyu zuwa uku ba, a kuma riƙa sake aunawa, saboda sitoma na raguwa a cikin makonni shida zuwa takwas na farko. A wanke fatar da ruwa zalla, a bari ta bushe sarai, ban da man shafawa ko turare, domin maiƙo na hana danƙo kamawa, kuma gumin bazara na sa a canza faifan da wuri fiye da lokacin sanyi. Wasu jakunkunan suna da matatar gawayi da ke barin iska ta fita ba tare da wari ba, amma idan ta jiƙe ta daina aiki. Babban abin da ta ja mini kunne a kai shi ne huda jaka da allura don a sace iskar da ta kumbura ta, wanda Baba ya yi ta yi a ɓoye, bai san cewa da hannunsa yake buɗe wa wari ƙofa yini guda ba. Tsohuwar jaka kuwa a juye ta, a ƙulle a leda, a fitar da ita zuwa kwandon shara mai murfi a waje, kada ta kwana a banɗaki.

Abinci yana da nasa tasirin, ƙwai da kifi da wake da albasa da tafarnuwa da kabeji suna ƙara wari, kindirmo kuma yana sassauta shi ga mutane da yawa. Amma ina roƙon iyalai kada su mayar da wannan hujjar horar da majinyaci da yunwa. Mai iliyostomi musamman yana asarar ruwa da gishiri da yawa, hana shi ci da sha a zafin Afrilu na iya mayar da shi gadon asibiti. Idan kuma warin ya sauya farat ɗaya, ga zazzaɓi ko gudawa ko baƙin bayan gida, wannan maganar likita ce.

Na san akwai waɗanda kuɗin jakar ya fi ƙarfinsu, suna ɗaura ledar burodi da filasta, fatarsu na saɓulewa, kuma duk tagar da aka huda musu ba za ta share musu hawaye ba. Su ne suka cancanci a tuna da su wajen zakka da gudummawar unguwa, domin jaka a wurinsu magani ce kamar allura. Ina kuma ganin bai dace a sallami wanda aka yi wa wannan aiki ba tare da an tambayi iyalinsa irin makewayin da zai koma ba, kamar yadda bai dace masu gidajen haya su ci gaba da gina banɗaki kamar akwati don tsimin bulo da tagar ƙarfe ɗaya ba.

Mako biyu bayan an fasa bangon, na ji motsin buta da asuba. Na leƙo na ga Baba ya sa farar rigarsa yana gyara zaman hula, ya ce in ɗauko tocila in raka shi masallaci.