Kotu ta sauke bashi, rahoto ya ƙi saukewa

A Amurka, wanda bashi ya yi wa katutu yana iya zuwa kotu ya bayyana karayar arziki. Da zarar alƙali ya sauke masa nauyin, doka ta hana masu binsa su sake neman ko kwabo. Sai ya je neman gidan haya ko rancen mota, a buɗe rahoton bashinsa a Equifax, Experian ko TransUnion, kamfanonin da ke adana tarihin bashin mutane, a tarar tsohon bashin yana nan daram. Wannan zalunci ne, kuma yana iya faɗa wa kowane ɗan'uwanmu da ke fafutuka a Bronx ta birnin New York.

Ita kanta karayar ba ta goguwa da wuri. Wadda aka yi ƙarƙashin Babi na 7 na dokar karayar arziki tana zama shekara 10 a rahoto, ta Babi na 13 galibi shekara 7. Duk wanda ya ce ka biya shi ya share maka ita, kuɗinka yake so. Haƙƙinka shi ne kowane bashin da kotu ta sauke a nuna babu sauran biya a kansa.

Dokar rahoton bashi ta 1970, kamar yadda aka gyara ta daga baya, ta ba kamfanonin kwana 30 su binciki ƙorafi, abin da suka kasa tabbatarwa su gyara ko su cire. Amma yaya binciken yake? Sau da yawa ana dunƙule wasiƙar mutum ta koma 'yar lamba a kwamfuta, a tura wa bankin da ya yi kuskuren tun farko, shi kuma ya ce daidai ne. An tambayi wanda ake ƙara, an ɗauki amsarsa a matsayin hukunci. Ga shi hukumar kula da kasuwanci ta tarayya, FTC, ta bayyana a 2013 cewa mutum ɗaya cikin biyar yana da kuskure a rahotonsa.

Don haka a rubuta wa kowane kamfani wasiƙa daban, a haɗa kwafin hukuncin kotu, a aika ta wasiƙun rajista, a adana shaida. Idan suka yi biris, akwai CFPB, hukumar kare jama'a a harkokin kuɗi, akwai kuma kotu.

Abin da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya shi ne an ɗora wannan ɗawainiya a kan wanda ya fito daga kotu hannu rabbana. Kamfanonin suna samun labarin karayar cikin hanzari su liƙa masa ita. Kamata ya yi a tilasta musu gyara sauran bayanan da wannan hanzarin, tun kafin ya roƙa.