Yadda na'ura ta tona min asirin ɗanwake

Ƙanin matata ne ya ja min. Yaron yana digiri na biyu, bincikensa wai kan iskar da ɗan adam ke fitarwa ta numfashi, nawa ce kuma cikin minti nawa take fita. Ya zo gida da 'yar takardarsa yace Yaya dan Allah ina neman mutum ashirin da za su hura min iska kawai, akwai kuɗin mota da lemo. Nace hura iska kawai? Ni da nake hura gawayi kullum da asuba ai wannan sadaka ce, rubuta sunana.

Sharaɗi ɗaya ya gindaya min, kuma ya maimaita har sau uku: kar ka ci wake ko wani abu mai nauyi jajibirin ranar, daga ƙarfe 9 na dare kuma sai ruwa, awa 12 cur. Nace an gama. To daren ne fa uwargida ta tashi yin ɗanwake, da manja da yaji da dafaffen ƙwai a gefe, ni kuma na zauna nayi wa kaina fatawa cewa ai wake yace, bai ce ɗanwake ba, ɗa daban uba daban. Na share kwano guda. Da safe a bakin titi ƙamshin ƙosai ya tare ni, na ƙara na ɗari biyu don kar jiri ya kwashe ni a gaban ƙanin mata.

Da na isa aka zaunar da ni, aka maƙala min wani abu a hanci kamar na shanyar kaya, aka cusa min roba a baki haɗe da mesa zuwa wata ƙatuwar jaka ta leda mai kauri. Yace sunanta jakar Douglas, wani masani ne a Okasfod ta Ingila ya ƙirƙiro ta tun 1911, kuma har yau ana aiki da ita. Kana shaƙar iskar ɗaki, wadda ka fitar tana taruwa a jakar, daga baya a auna yawanta a duba me ke ciki. Iskar da muke shaƙa oksijin ɗinta kashi 21 ne cikin ɗari, idan ta fito ya koma wajen 16, ita kuwa kabon dayoksaid, wato iskar da jiki ke zubarwa, ta tashi daga kusan babu zuwa wajen kashi 4. Mutum a zaune yana numfashi sau 12 zuwa 20 a minti, kowane wajen rabin lita. Sai yace Yaya kayi numfashi yadda ka saba.

Jama'a ashe da zarar an ce maka kayi numfashi yadda ka saba shikenan ka manta yadda ake yi. Shekara arba'in da ɗoriya ina numfashi ba wanda ya koya min, ranar na rikice, in ja da ƙarfi in ce yayi yawa in rage in ji kamar zan shiɗe, ga yawu na dalala ta gefen robar yana sauka kan shaddata, ga wasu ɗalibai mata biyu na rubutu suna danne dariya, minti biyar ɗin nan sai da na ji kamar hudubar da aka manta ba a rufe ba.

Wannan duk wasa ne. Sai malamarsa ta shigo da wata 'yar na'ura ba ta fi wayar hannu ba, tace Malam ja numfashi ka riƙe, sannan ka hura a hankali. Ita wannan wata iska mai suna haidurojin take aunawa a cikin numfashi. Na hura. Ta kalli lambar, ta kalle ni ta saman tabarau.

"Malam, me ka ci?"

"Ni Hajiya? Ruwa ne kawai."

Tace wanda ya kwana da yunwa lambarsa 'yar kaɗan ce, ba ta cika kai 20 cikin miliyan ba, kai ga ka nan ka haura 60 tun ba mu ba ka komai ba. Ta yi min bayani a natse kamar mai karanta wa ɓarawo laifinsa: jikin mutum shi kansa ba ya ƙera haidurojin sam, ƙwayoyin bakteriya na cikin babban hanji ne ke yin ta idan abincin da bai narke ba ya iso musu, sai jini ya ɗebi wani kaso ya kai huhu ya fito ta baki. Wake kuma yana da wani nau'in sikari da cikinmu ba shi da sinadarin narkar da shi, don haka gaba ɗaya yake wucewa ya zama walimar bakteriya. Wani likita a Amurka, Michael Levitt, ya nuna wannan tun 1969.

Na dage nace ƙila na'urar ce ta samu matsala, kin san kayan yanzu. Tayi murmushi tace ba komai, akwai wata hanyar. Wai a 1991 a Shefil ta Ingila an samu mutum 10 aka ba su wake giram 200 cikin abincinsu, aka auna iskar da suka saki awa 24, daga mai kusan rabin lita har mai kusan lita ɗaya da rabi. Nace da me suka tare ta? Tace da 'yar mesa, amma ba ta baki ba.

Nace Hajiya ɗanwake ne. Da ƙosai.

Ƙanin matata ya dafe kai. Ba kuɗin mota, ba lemo, aka ce in dawo bayan sati. Kafin in isa gida labari ya riga ni, uwargida ta tare ni a ƙofa tana cewa sannu da zuwa mai ruwa kawai. Jajibirin komawata farar shinkafa ta ba ni ba ko miya, ta kulle kicin ta sa makullin a ƙarƙashin filonta.

Karo na biyu na hura, lamba 5, har na ɗaga kafaɗa. Aka dama min garin sikarin madara a kofi na shanye, kowane rabin awa in hura, har awa uku. Ƙa'idarsu idan lamba ta ƙaru da 20 kan ta farko, to cikinka ba ya narkar da madara. Tawa tun kafin awa biyu ta tsallake, ciki ya fara ƙugi kamar janareto mai neman mai. Ashe shekara da shekaru ina zargin mai furar unguwarmu da sa ruwan rijiya a nono, baiwar Allah ba ta da laifi, hanjina ne ba na Fulani ba.

Aka ba ni kuɗin motata na hau adaidaita, mu uku a baya, ni a tsakiya. Ba mu yi nisa ba na gefen damana ya leƙa waje yace kai gwamnati ta gyara kwatocin garin nan mana. Nace wallahi kuwa, abin yayi yawa.